YININ JUMA'A A TSOHUWAR ALƘAHIRA

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya da na kishi a gefe, mu leƙa tarihi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma fa ga wanda ya san abin da idonsa ke kallo.

Mutanenmu da yawa suna zuwa birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Wani jinya ce ta kai shi, wani karatu, wata saro dogayen riguna da mayafai, wani kuma yada zango ya yi a hanyarsa ta zuwa Umara. Kusan kowanne yakan samu yini guda na shan iska, kuma yawanci Juma'a ce. Tsarin yinin ɗaya ne: a yi salla a Masallacin Azhar ko na Husaini, a ci abinci a bakin titi, a faɗa kasuwar Khan Khalili a yi tsaraba, a koma masauki ƙafa ta yi tsami. Sai baƙo ya ɗauka dace aka yi masallaci da tukunya da kasuwa suka haɗu a wuri ɗaya. Alhali da gangan magabata suka ƙulla su. Kasuwa ce ke ciyar da masallaci, masallaci kuma ya ciyar da ɗalibi da matalauci, igiyar da ta ɗaure su kuwa ita ce waƙafi, wanda wasu malamanmu ke kira hubusi, wato mutum ya tsayar da gida ko kanti ko gona saboda Allah, ba a sayarwa, ba a gada, abin da ya fito daga ciki a riƙa yin aikin alheri da shi har abada. Bari mu bi yinin daki-daki, daga asuba zuwa dare, mu ga abin da ke ƙarƙashin kowane taku.

KARIN KUMALLO

Da an idar da sallar asuba, abin da zai fara tarar hancinka a lungunan tsohon birnin shi ne ƙamshin ful. Wani wake ne mai faɗi, ana zuba shi a tukunyar ƙarfe mai katon ciki da tsukakken baki, ya kwana a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya yi luguf. Mai kura zai ɗebo maka da doguwar ludayi, ya sa mai da gishiri da lemon tsami, ya miƙo maka da gurasa. A gefensa ga mai suyar ta'amiya, wadda idan ka gan ta sai ka rantse ƙosai ne, sai dai cikinta kore ne saboda ganyayyakin da ake markaɗawa tare da waken.

Wannan cin abinci a titi tsohuwar al'ada ce a Alƙahira. Itacen girki yana da wuya a ƙasar da ba ta da daji, gidajen talakawa kuma a cunkushe suke, don haka tun zamanin sarakunan Mamluka, waɗanda suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517, mafi yawan talakawan birnin a kasuwa suke sayen dafaffen abinci. Matafiyan Turai da suka ratsa garin a wancan zamani sun rubuta mamakin yawan masu girki a kan hanya. Shi kansa ful ɗin, a da can a cikin rushin murhun gidajen wanka na haya ake binne tukwanensa su kwana. Wutar da ta dafa ruwan wanka ita ce ke dafa karin kumallon unguwa, ba a barin komai ya tafi a banza.

Kuma ba kara zube aka bar masu abincin ba. Akwai jami'in hisba da ake kira muhtasibi, mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli da tsaftar tukunya. Wani malami mai suna Ibnul Ukhuwwa, wanda ya rasu a 1329, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan aiki, har ya kawo cewa mai kwaɓin gurasa ya rufe bakinsa da hancinsa, ya ɗaure goshinsa don kada gumi ya ɗiga a cikin ƙulli. Shi ma babban marubucin tarihin birnin, Maƙrizi, wanda ya rayu daga 1364 zuwa 1442, ya taɓa riƙe wannan muƙami, shi ya sa ya san kowane lungu da mai shi.

Gurasar da za a ba ka kuwa, mai kama da tamu ta Kano, Misirawa na kiran ta aish, ma'ana rayuwa. Ba sunan wasa ba ne. A watan Janairu na 1977, da gwamnatin Anwar Sadat ta janye tallafin kayan abinci, kwana biyu aka yi ana tarzoma a manyan biranen ƙasar, mutane da dama suka mutu, dole aka mayar da tallafin. Gurasar tallafi ta zauna a kan kirshi 5 fiye da shekara talatin, sai a 2024 aka mayar da ita kirshi 20. Duk mai mulkin Masar ya san cewa taɓa gurasa taɓa kujerarsa ce.

SALLAR JUMA'A

Da hantsi ya yi sai a nufi Azhar, domin wanda ya makara a tsakar gida zai samu wuri. Wannan masallaci sa'an birnin ne. A shekarar 969 Jauhar, kwamandan yaƙin halifan Faɗimiyawa Mu'izzu, ya ci Masar ya kafa Alƙahira. A 970 ya aza harsashin masallacin, aka yi Juma'ar farko a cikinsa a watan azumi na 972. Ka lissafa, mai karatu, fiye da shekara dubu da hamsin kenan.

Amma kada ka ɗauka tun daga ranar huɗuba ba ta taɓa yankewa ba. Faɗimiyawa 'yan Shi'a ne, da Salahuddin Ayyubi ya kawo ƙarshen daularsu a 1171 sai aka ɗauke Juma'a daga Azhar aka mayar Masallacin Hakimu, bisa fatawar cewa Juma'a ɗaya ake yi a gari ɗaya. Kusan shekara ɗari mumbarin yana shiru, sai a zamanin Sarki Baibars, wajen 1266, aka dawo da ita. Daga nan ne Azhar ya fara zama babbar makarantar Ahlussunna da duniya ta sani. Ya ga wani tashin hankalin a watan Oktoba na 1798, lokacin da mutanen gari suka yi wa sojojin Napoliyon bore, Faransawa suka yi wa unguwar ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawakai.

Babbar ƙofar da za ka shiga ta cikinta sunanta Ƙofar Wanzamai, domin a nan ɗalibai ke zama a yi musu aski. In ka shiga tsakar gidan mai farin dutse, ka duba kewaye da kyau. A da akwai sassa da ake kira ruwaƙi, kowace al'umma da nata, inda ɗalibanta ke kwana, su ajiye littattafansu, su karɓi rabonsu na gurasa kullum. Akwai na mutanen Magariba, na Sham, na Turkawa, na Sinnar ta Sudan, akwai kuma ruwaƙin Barnawa, wato na mutanen Barno. Wannan gurasa ta ɗalibai ba daga aljihun limami take fitowa ba. Hayar kantuna ce da amfanin gonaki da masu hali suka yi waƙafi da su, wasu ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsu ɗalibai na ci suna yi musu addu'a.

Tun kafin wannan ruwaƙi ma mutanen yankinmu suna da masauki a Masar. Maƙrizi ya kawo cewa a shekarun 1240 mahajjatan Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibnu Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudu da Alƙahira, kuma suka ci gaba da aiko mata da kuɗi daga gida. Wannan ya faru ne a zamanin Mai Dunama Dibbalemi. Daga baya, shahararren malamin nan Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wasiƙar nasiha daga Alƙahira zuwa ga sarakunan ƙasashenmu, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas da suna. Shi ne kuma Askiya Muhammadu na Songhai ya gana da shi a tafiyarsa ta Hajji ta 1496 zuwa 1497.

Sai kuma ɗan gida, Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine. Ya bar Katsina ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubutu da koyarwa, ya shahara a lissafi da ilimin taurari da hatimi. A gidan Shaihu Hasan Jabarti ya sauka, a nan ya rasu wajen 1741, kuma shi ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan maigida, Abdurrahman Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, kuma ya sa tarihin Bakatsinen a cikin littafinsa tare da manyan malaman ƙasar. To ka ga ɗan Katsina ko ɗan Maiduguri da ya shimfiɗa dardumarsa a Azhar yau, a sawun kakanninsa ya tsaya.

ABINCIN RANA

Ana sallame salla, sai ka ga mutane sun yi dafifi sun tsallaka titin Azhar zuwa dandalin Husaini. Masallacin da ke wurin an kafa asalinsa a 1154, Misirawa kuma sun yi imani cewa kan Sayyidina Husaini, jikan Manzon Allah (SAW), yana binne a cikinsa. Ginin da ake gani yanzu na zamanin Khidiwi Isma'il ne, a shekarun 1870.

A nan ne yunwa za ta tuna maka da koshari. Shinkafa ce da taliya da makaroni da wani ƙaramin wake da suke kira adas, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyiyar albasa, a kawo maka ruwan tafarnuwa mai tsami da na barkono ka ƙara da kanka. Ba nama a ciki, shi ya sa ya zama abincin lebura da ɗalibi, kamar dai garau-garau a wajenmu. Masana da yawa suna danganta sunansa da wani abincin Indiya na shinkafa da wake, makaronin kuma daga baya ya shigo ta hannun Italiyawan da suka zauna a Masar. Kwano ɗaya, amma ƙasa uku ce a cikinsa.

Wajen abin sha kuwa sai ka ji kamar kana gida. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, dom kuma goriba ce aka jiƙa. Ga ruwan rake ana matsewa a gabanka. Amma ruwan sha zalla shi ne ya fi tarihi. Kafin zuwan famfo, daga kogin Nilu ake ɗauko ruwa a salka a bayan raƙuma da jakai, talaka kuma ba kullum yake iya saye ba. Sai masu hali suka riƙa gina abin da ake kira sabil, ɗaki mai rijiyar ajiya a ƙarƙashinsa da taga mai raga a bakin hanya, duk mai wucewa ya sha kyauta. A saman benen kuma makarantar allo ce ta marayu. Mafi shahara shi ne wanda Abdurrahman Katkhuda ya gina a 1744, yana nan tsaye a tsakiyar Titin Mu'izzu inda hanya ta rabu biyu. Albashin mai ɗebo ruwa da na malamin yaran duk daga hayar kantuna ake biya.

CIKIN KASUWA

Daga dandalin Husaini taku kaɗan ne ka faɗa Khan Khalili. Tarihin wannan kasuwa akwai abin tsoro da abin koyi a cikinsa. Filin maƙabartar halifofin Faɗimiyawa ne. A shekarun 1380, zamanin Sarki Barƙuƙ, wani babban bafade mai kula da bargar sarki, Jaharkas Khalili, ya sa aka tone ƙasusuwansu aka kwashe a bayan dabbobi aka zubar a juji a bayan gari, ya gina masaukin fatake a wurin. Maƙrizi ya ce da aka kashe shi a yaƙi a Dimashƙa a 1389, gawarsa a fili aka bar ta, kuma yana ganin sakayya ce. Amma shi dai wannan mutum, shi ne ya yi waƙafi da kuɗin hayar masaukin don a riƙa yin gurasa ana raba wa matalautan Makka, kowane mutum biyu a rana. Ɗan Adam kenan, hannu ɗaya na ɓarna, ɗaya na alheri, hisabi kuma na Allah ne. A 1511 Sarki Ghuri ya rushe ginin ya sake shi, wasu daga cikin ƙofofin dutse da ka ke bi ta ƙarƙashinsu nasa ne.

In ka fita ta yamma za ka hau Titin Mu'izzu, wanda ya taso daga Babul Futuh a arewa ya dire Babu Zuwaila a kudu, tafiyar kimanin kilomita ɗaya. A kan wannan titi Sarki Ƙalawun ya gina asibiti da makaranta a 1284 zuwa 1285, asibitin kyauta ga mai kuɗi da talaka, ana tafiyar da shi da kuɗin waƙafi. Can kudu, inda ake sayar da yadi da dogayen riguna, ga masallacin Ghuri da hubbarensa suna fuskantar juna, ya gama su a 1505. Bai kwanta a hubbaren ba, domin a fagen yaƙi ya mutu a ƙasar Sham a 1516, ba a ma ga gawarsa ba. Shekara guda bayan haka Turkawan Usmaniyya suka rataye magajinsa Tuman Bai a Babu Zuwaila. Sarakunan sun tafi, kantunan da suka tsayar wa masallatansu sun ci gaba da buɗewa kowace safiya.

A nan ya kamata mai tsaraba ya tuna da Mansa Musa, sarkin Mali, wanda ya sauka a Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta Hajji. Ya yi kyauta da zinariya, mutanensa kuma suka yi sayayya ba ciniki. Marubuci Umari, wanda ya bincika labarin shekara goma sha biyu bayan haka, ya ji daga bakin 'yan kasuwar cewa rigar dinari ɗaya sun sayar wa baƙin a dinari biyar, kuma zinariya ta yi yawa a gari har darajarta ta faɗi. Da sarkin ya dawo daga Makka guzuri ya ƙare, sai da ya ci bashi a hannun attajiran Masar kafin ya koma gida. Ɗaya daga cikin masu bin bashin, Sirajuddin ɗan Kuwaik, har Timbuktu ya bi sawu, a can ajali ya same shi. Shekara ɗari bakwai kenan, amma har yau farashin farko da za a gaya wa baƙo a Khan Khalili na gwaji ne. Ka taya ƙasa, in an ce albarka ka yi murmushi ka juya, sau da yawa kafin ka kai bakin lungu za a kira ka. Kuma ka duba kayan da kyau, domin a cikin fitilu da 'yan akwatinan ado akwai aikin hannun Misirawa, akwai kuma wanda daga Sin aka yo odarsa.

Akwai wani ɓangare na tarihin kasuwannin nan da masu yi wa baƙi jagora ba su cika faɗa ba. Ba yadi da turare kaɗai aka sayar a unguwar ba, har da mutane. A wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aiko wa Sarki Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa wasu Larabawa makiyaya suna kama talakawansa, Musulmi 'ya'ya, har da dangin sarauta, suna sayar wa fataken Masar da Sham, yana roƙon a bincika a mayar da su gida. Ƙalƙashandi, magatakardan fadar Masar, ya adana wasiƙar a littafinsa. Wato a daidai shekarun da aka gina Khan Khalili, wasu daga cikin mutanenmu sun shigo Alƙahira a matsayin ɗalibai da mahajjata, wasu kuma a ɗaure. Wanda zai yi alfahari da na farkon, ya dace ya yi wa na biyun addu'a.

BAYAN MAGARIBA

Da ƙafa ta gaji, sai a nemi kujera a gidan shayin Fishawi, wanda masu shi ke cewa ya haura shekara ɗari biyu a wannan lungu. Gahawar da ake sha a wurin ita ma ta ƙofar masallaci ta shigo gari. A farkon ƙarni na 16 ɗaliban Yaman sufaye da ke Azhar ne ke shan ta don su iya raya dare da zikiri, malamai suka yi ta saɓani a kanta, wasu na cewa haram, har aka taɓa far wa masu sayar da ita. Daga baya sai ta zama babbar hajar attajiran birnin, da yawa daga cikin gine-ginen alheri na ƙarni na 17 da na 18 da ribarta aka yi su.

Mu marubuta muna da namu rabon a wannan lungu. Najib Mahfuz, wanda ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1988, a unguwar Jamaliyya da ke nan kusa aka haife shi a 1911, kuma yakan zauna a Fishawi. Ɗaya daga cikin littattafansa ma sunan kasuwar ya sa masa, wani kuma sunan wani ɗan lungu da ke cikinta. Mutanen labaransa su ne mai gidan shayi, da wanzami, da mai dalilin aure, da budurwar da ke son kuɗi, irin dai mutanen da ke cike da namu littattafan da wasu ke rainawa suna kira adabin kasuwa. Bai je nesa neman labari ba, unguwarsu ya rubuta har duniya ta karanta.

ABIN DA ZA A ƊAUKO

A 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya. Yau ma'aikatar gwamnati ce ke kula da mafi yawan waƙafin, ɗalibai baƙi kuma sun koma gidajen kwana na zamani, rabon gurasa a ruwaƙi ya zama tarihi. Amma dalilin da ya sa masallatan nan suka kai ɗaruruwan shekaru ana salla a cikinsu bai ɓoyu ba: wanda ya gina masallaci, sai ya tsayar masa da abin da zai ci.

Mu duba namu. Attajiri zai gina masallaci mai hasumiya da tayil, ranar buɗewa a yanka sa, a yi hotuna. Ya rasu, magada su raba dukiya, bayan shekara biyar rufi na yoyo, famfon alwala ya bushe, limami da ladan ba mai ba su ko sisi, kowace Juma'a sai an miƙe bayan sallama ana neman taimakon kuɗin man janareto. Da a ce tun farko an yanki shago uku a jikin katanga an rubuta su waƙafi a gaban alƙali da shaidu, da ba a kai ga haka ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a addininmu, mutanen Kanem sun yi shi a ƙasar wasu tun shekara kusan ɗari takwas da suka wuce.

Don haka duk wanda Allah Ya kai Alƙahira, ya yi sallarsa, ya ci kosharinsa, ya sayo wa iyali tsaraba daidai ƙarfinsa, kada ya yi irin ta Mansa Musa. Amma in ya ga kanti manne da bangon masallaci, ya tsaya ya tambayi dalili, ya ƙullo wannan dabara a bakin zani ya kawo mana gida. Ba ta da nauyi, kuma ba a biyan kuɗin awo a kanta a filin jirgi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon barin abin da zai amfane mu bayan ranmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.